Sakamakon da Na Ɓoye Har Sentul

Mun tashi da asuba, ni da maigida, bayan mun yi sahur mun idar da salla, muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Pantai Dalam. Sentul za mu je. Na san waɗanda suka san Kuala Lumpur a cikinku za su yi mini dariya, su ce wannan ai ba tafiya ba ce, daga wannan gefen gari ne zuwa wancan. To, matar da kullen korona ya zaunar da ita shekara guda tsakanin ɗaki da kicin da tagar bene, ko kantin ƙasa ta sauka sai ta ba da labari.

Bari in fara gaya muku abin da ya fitar da mu da azumi a baki. Duk samarin da maigida ya tashi da su a Kano manyan kulob-kulob suke bi, waɗanda ake raba hali a kansu a gidajen kallo. Shi kuwa Allah ya haɗa shi da wata 'yar ƙungiya da ke can rukuni na huɗu a Ingila. Ba zan faɗi sunanta ba, don ko na faɗa ba wanda ya san ta. Asalin abin wata jesi ce ta gwanjo da mahaifinsa ya saya masa a Ƙofar Wambai yana yaro. Da ya girma ya binciko sunan da ke ƙirjinta, shi ke nan ya ɗaura wa kansa wahala. Ni tun da na aure shi ban taɓa jin an ce sun ɗauki ko cokali ba.

Shekararmu ta farko a nan da karatu ya kawo shi, yana zaune a wani kedai na mamak, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, da irin jesin a jikinsa, sai wani tsoho Ba'indiye ya bar shayinsa ya taso ya tsaya a kansa yana kallon bajon, idonsa ya ciko. Ashe tsohon ma'aikacin gyaran jiragen ƙasa ne na Sentul, kuma yana saurayi an tura shi koyon aiki garin ƙungiyar. Daga ranar suka ƙulle. Maigida yana ce masa Ankul, ni Baba nake cewa, kodayake sai ta waya muke gaisawa. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana aiki a Singafo, an rufe iyaka da shi a can.

Ga yadda suke yi. Wasan Ingila da dare yake kamawa a nan, Baba kuma da wuri yake kwanciya, ba shi da intanet. Saboda haka duk safiyar Lahadi maigida kan ɗauki kwamfuta ya je su kalli maimaici tare, bisa sharaɗin kada ɗayansu ya san yadda aka tashi. Don cika sharaɗin, tun daren Asabar yake damƙa mini wayarsa. Lokacin da kulle ya yi tsanani aka hana fita, a falonmu yake kunna wasan, ya kira tsohon, ya yi ta masa sharhi kamar mai rediyo har a tashi.

Wasan wannan Asabar ɗin kuwa ba irin na kullum ba ne. In ba su ci ba, sun faɗa rukunin da ba a haska wasanninsa a waje, wato Baba ya gama ganin ƙungiyarsa ke nan. Shi ya sa ya ce lallai a zo da ni, wai ana neman ƙafa mai albarka.

Ni kuwa da sahur ƙararrawar wayar maigida ta kaɗa, na ɗauko don in kashe, sai ga sakamakon ɓaro-ɓaro a fuskar wayar. An ci su biyu da ɗaya. Duk wanda ya san ni ya san magana ba ta kwana a cikina, in ma bakina ya yi shiru fuskata za ta tona. Ranar ce na fara gode wa wanda ya ƙirƙiro takunkumi.

A ƙofar tasha aka auna mana zafin goshi, na haska wayata a jikin lambar da ake haskawa, na haska tasa ina karkatar da ita kamar mai ɓoye kati. Kuɗin jirgin mu biyu bai fi na shayi da roti ba. Cikin taragon an manna alama a kan rabin kujerun, don haka muka zauna da kujera ɗaya a tsakaninmu, ni da mijina na sunna. Fasinjojin ƙalilan ne, yawancinsu masu gadi 'yan Nepal da leburori 'yan Bangaladesh, kowa na gyangyaɗi. Maigida kaɗai ne idonsa biyu, yana yi mini lissafin maki da yatsu: in sun ci, ƙungiyar da ke samansu a tebur kuma ta yi kunnen doki, to an tsira. Ina ta cewa Allah ya sa, ina neman gafara a zuci.

A KL Sentral muka canja jirgi. Wurin da a da sai ka riƙe jakarka da kyau saboda turereniya, yanzu kana jin ƙarar takalminka. Kantuna da yawa a rufe, wasu an kwashe kayan har da allon suna. Wata mai shara ta ga jikina bai ɗauki tsayuwa ba, ta nuna mini benci da tsintsiyarta.

Shawarata ga mai azumi, kada ya bi ta Sentul da safe. Muna fitowa daga tasha ƙamshin tose, wato wainar Indiyawa, da miyar kari da shayin madara ya tare mu, sai da na haɗiyi yawu na yi ta'awizi. Masu furanni suna ta kitsa farare da rawaya a bakin wurin bautar Hindu, ana kaɗa ƙararrawa a ciki. Maigida ya nuna mini ragowar ginin jan bulo na tsohuwar ma'aikatar jirage, bishiyoyi sun fito ta tagoginsa, a bayansa kuma dogayen benaye masu gilashi sun tokare sama. Gidan Baba yana cikin tsofaffin benayen da ke ɗaya gefen layin dogo, inda shanya ta fi fenti yawa. Lif ɗinsu ya lalace, muka hau da ƙafa ina hutawa a kowane hawa.

Mun same shi a bakin ƙofa ya riga ya buɗe ƙarfen, siriri, da farar riga da zani, ya naɗa wani tsohon mayafin ulu na ƙungiyar a wuya cikin wannan zafi. Ya jera kujeru uku nesa da juna. Hoton matarsa na bango da sabbin furanni. Na lura ya kife kofin shayinsa a kan tire, na ce don Allah ya sha abinsa, azumin ai namu ne. Ya ce shi ma yau sai mun tafi.

Kafin kwamfutar ta kama, ya ba ni tarihin da na tabbata maigida ya haddace. Ma'aikatan gyaran jirage ne suka kafa ƙungiyar, a wani fili da ke jikin katangar ma'aikata, su suka haɗa rumfar farko da ragowar katakon tarago. Lokacin da ya je, garin na cike, ƙungiyar tana rukuni na biyu, ranar Asabar ana tashi daga aiki kowa zai nufi fili da baƙin mai a hannu. Bai san kowa ba, sanyi na neman kashe shi, sai wani maƙeri da suke aiki tare ya ja shi kallo, ya cire mayafin wuyansa ya naɗa masa. A gabansa suka taɓa fitar da wani babban kulob daga gasar kofi cikin taɓo, har yanzu in zai faɗa sai ya miƙe tsaye. Daga baya aka rufe ma'aikatar, matasa suka watse, ƙungiyar ta dinga gangarowa. Wani attajiri ya saye ta, ya sayar da filin atisaye aka yi gidaje, ya kama gabansa. Magoya baya ne suka yi ta yawo da bokiti a ƙofar fili har suka karɓo abarsu. Ana cikin farfaɗowa cutar nan ta zo, aka shekara ba ɗan kallo ko ɗaya. Ya nuna taga da haɓa, ya ce nan ma haka aka yi da tasu ma'aikatar, sai dai su ba su da ƙungiyar da za ta riƙe musu suna.

Aka fara wasa. Filin ƙarami ne, ana ruwa, kujerun an cika su da hotunan magoya baya na kwali, har da na wani kare. Baba ya matso yana duba fuskokin, ya nuna mini kusurwar da yake tsayawa. Wasan kansa, gaskiya, na ga wanda ya fi shi a filin makarantar unguwarmu. Can wajen tsakiyar zagayen farko suka jefa ƙwallo a raga. Maigida ya daka tsalle har takunkuminsa ya zame, tsohon ya miƙe yana juya mayafi a sama yana wata rawa da ƙafa ɗaya. Ban taɓa jin tausayin mutane irin na lokacin ba. Hawaye suka zubo mini, maigida ya waiwayo ya ce ashe dai na fara son ƙwallo.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ya fita baranda ya sha iska. Baba ya rage murya.

"Ke kin sani, ko?"

Na tambaye shi yadda ya gane. Ya ce da aka ci ƙwallon, su biyun na kalla, ban kalli wasan ba, kuma wanda ya tsufa yana bin wannan ƙungiya ya san idon mai tausayinsa.

"Kada ki gaya masa. Bar shi ya ci wannan hutun da daɗinsa."

Haka muka koma mu biyu muna gadin mutum ɗaya. Aka farke, Baba ya ce ba komai, akwai lokaci. Aka ƙara ta biyu ana dab da tashi, ya ce a yi haƙuri, an sha ganin abin mamaki. Da alƙali ya busa, 'yan wasan suka zube a ciyawa a gaban mutanen kwali. Maigida ya haɗa kai da gwiwa, tsohon ya manta da dokar tazara ya je ya dafa kafaɗarsa, yana gaya masa cewa ƙungiyar da ta rayu bayan ma'aikata ba wannan ne zai kashe ta ba.

Da za mu tafi ya miƙo mini leda mai nauyi, tapau, wato ƙunshin abinci, na buɗa-baki, ya jaddada cewa daga shagon Musulmi ya saya. Muka sa takalma. Ya riƙe ƙarfen ƙofa bai rufe ba, yana kallon jakar kwamfutar, sai a sannan na ga fuskarsa ta sauya.

"To, yanzu tun da ba za a ƙara nunawa ba," ya ce, "ba sai ka dinga wahalar jirgi ba. Ga karatu, ga iyali."

Maigida shi bai ma kai tunaninsa nan ba. Wannan karon bakin nawa ya yi amfani. Na ce, "Baba, Lahadi mai zuwa muna tafe, mu biyu. Kuma bayan Salla sai ka ci tuwo da miyar kuka, ko kana so ko ba ka so."

Ya gyaɗa kai kawai, ya yi saurin rufe ƙofa.

A jirgin dawowa na miƙa wa maigida wayarsa, na gaya masa tun sahur na sani. Ya daɗe yana kallona ta saman takunkumi, ya ce lallai azumi na gyara mutum. Rana ta take lokacin da muka sauka a Pantai Dalam, muka shiga gida kowa ya nemi wurin kwanciya.

Na tafi ina ɗauka faɗuwar ƙungiya ce za ta karya tsohon nan, na dawo na gane ya saba da faɗuwarta tun ba a haife mu ba. Abin da yake tsoro shi ne safiyar Lahadi ta zo ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. In akwai wani tsoho da kuke zuwa wurinsa da wani dalili, ku je wata rana ba tare da dalilin ba.

Ana kiran magariba muka buɗe ledar, biryani ce da kaza da wani zaƙi na madara. Mun kai loma ta farko ke nan waya ta yi ƙara. Baba ne, yana tambaya ko mun isa lafiya, ko yajin bai yi mini yawa ba. Maigida ya amsa masa duka. Maganar ta ƙare, amma Baba bai kashe ba, muna jin ƙarar cokalinsa a faranti. Maigida ya buɗe muryar wayar ya jingina ta da jug ɗin ruwa, muka ci gaba da cin abinci.