Zanin Inna a Jikin Iya

Mutanen lungunmu sun binne uwata ba su faɗa min ba. Ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar yafewa don tsufa ya zo ba. Da furfurata na shiga ajin manya na koyi riƙe biro, kuma wannan ce magana ta farko da na so in gani a takarda.

A Ƙofar Dumi na tashi, a lungun da in ɗan acaɓa ya shigo sai kowa ya manne da bango. Ɗan gida ɗaya ɗan kowa ne. Tukunyar da ta riga nuna ita ce taka, hannun da ya riga cim maka shi ke dukanka. Gwaggo mai ƙosai, wadda ba mu haɗa jini ba, ita ta huda min kunne. Iya ta gidan maƙera kuwa ita ke wanke duk macen da ta rasu a lungun, a ba ta zanin mamaciyar sadaka. A wurinmu ba a tambayar mutum abin da zai iya ɗauka. Manya ke zama su yanke masa.

Na haifi ɗana na uku a gidan mijina a Fadaman Mada, na zubar da jini sosai. Ina kwance Inna ta rasu. Lungu ya yanke cewa kar a faɗa wa mai jego sai ta yi arba'in, kada nononta ya ƙafe. Har mijina suka saka a ciki.

Suka riƙa zuwa bi da bi, suna min wankan ruwan zafi, suna dama kunun kanwa.

"Gwaggo, ina Inna?"

"Ƙafar nan ce, 'yar nan. Ta ce ki sha kunu ki bar tambaya kamar alƙali."

Ran suna ma haka aka ce. Har fushi na yi da Inna a zuciyata. Wannan fushin ne ba zan yafe musu ba.

Wata rana Iya ta zo tare da Gwaggo. Ta sunkuya tana tsoma ganyen darbejiya a ruwan wankan, sai na ga bakin zaninta. Shuɗiyar atamfa ce, da ƙunar garwashi a gefe. Ni na yi ƙunar ina ƙarama, na ture kasko. Inna ba ta ba da aron zanin nan.

"Iya, zanin nan ya karɓe ki," na ce.

Ta dubi jikinta. Gwaggo ta dafe kai.

"Ke kam tsohuwar kawai! Duk zannuwanki sai wannan?"

"Yaushe?" na ce.

"Don ke muka yi, 'yar nan."

"Yaushe na ce, Gwaggo."

"Kafin suna."

Na jira kuka, bai zo ba. Su ne suka yi ta yi, ni ina kallon tururi yana raguwa a kan baho. Na shanye kunun. Yaron ya motsa na sa shi a nono, ruwan ya zo kamar kullum.

Da gari ya waye ban jira arba'in ba, ban tambayi kowa ba. Na goya yaron na hau acaɓa zuwa Ƙofar Dumi. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, na zauna, na ce wa Gwaggo ta bi gida gida ta ce su zo su yi min gaisuwa, yau uwata ta rasu.