Usur ɗin da aka janye a Birmingham

Saura daƙiƙa biyar, ana gabanmu da maki ɗaya, ƙwallo ta fita. Alƙalin wasa ya busa usur, ya ce jikata Rifkatu ce ta taɓa ta ƙarshe.

Kwalejinsu ƙarama ce a Manchester. Tun da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe zauren wasanni, a ɗakin taron coci a Cheetham Hill suke atisayen ƙwallon kwando. Ga su yau a Birmingham gaban wata babbar jami'a, wanda ya faɗi ya fita daga gasa.

Na miƙe ina faɗa. Malam Sani, wani ɗalibin jami'ar da ke zaune kusa da ni, ya ja rigata.

"Baba, zauna. Tabaranka ma a aljihu yake, me ka gani?"

"Ɗana, ba sai na gani ba. Ƙarami ba ya cin shari'a."

Sai alƙalin ya je wajen abokin aikinsa, suka yi magana. Ya dawo tsakiyar fili, ya dafa ƙirji, ya ce kuskurensa ne. Ya miƙa wa su Rifkatu ƙwallo.

Ta jefa, ba ta shiga ba. Aka fitar da mu.

Ni da digiri biyu nake gadin sito. Shekara talatin ina tsayawa gaban masu iko, can gida da nan, ban taɓa jin ɗayansu ya ce "na yi kuskure" ba.

Ku fa, kun taɓa gani?