Sunan da Matar Jawa Ta Bar Mini

Ranar Talata wani mai sayar da magani, Ba'indiye Musulmi, ya gaya mini sunana sunan abin bauta ne. Ya ji ana kirana Surya. Ya ce kalmar daga tsohon harshensu take, Sanskrit, ma'anarta rana, kuma a ƙasarsu har yau akwai masu yi wa rana sujada da wannan suna. Ni kuwa tun ina goye nake amsa shi, a cikin Makka. Tun ranar abinci ya ƙi shiga.

Sunana na yanka Haruna. Takarda kaɗai ta san shi.

A Nakkasa na tashi, wata unguwar Makka da ke kan dutse, a hannun kakata Hajiya Dije. Bayan magariba takan hura gawayi a kasko, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Sauran yara Gizo suke so. Ni labari ɗaya nake roƙo.

"Kai ɗan Jawa, ba ka gajiya? To matso, kada ka kifar mini da buta."

Wai wata mata ta taso aikin hajji daga tsibirin Jawa a jirgin ruwa. Jaririnta ya rasu a hanya, aka sa shi a teku. Ta iso da nono, babu ɗa. A kan dutsenmu kuma wata Bakanuwa ta haihu ta cika, ta bar ɗa babu nono. Kwana biyu yana kuka har murya ta dishe. Matar Jawa ta bi kukan har ƙofa. Ba ta jin Hausa, ba a jin yarenta. Zama kawai ta yi ta miƙo hannu. Da ya ƙoshi sai ta kira shi da sunan ɗanta, Surya.

Na taɓa tambaya, "Hajiya, me sunan yake nufi?"

"Kana bakin mutuwa zan tsaya tambayar ma'ana? Matar tana salla, da idona na gani."

Hajiya ta rasu, an rushe gidan. Jiya na je wurin wani malami. Ya ce rana halittar Allah ce, Larabawa ma suna raɗa Shamsu, wato rana, amma in zuciyata ba ta kwanta ba in koma Haruna.

Ba ta kwanta ba. Ina tsoron abin da zan tarar a kabari. Amma in na ajiye sunan, ba sauran mai ambaton yaron nan da aka sa a teku, kuma nononsa na sha.

Yanzu ina unguwar Hindawiyya, ina tuƙa tasi. In direbobi sun kira Surya, ina amsawa. Sai in yi istigfari a zuci, sannan in yi wa matar Jawa addu'a.