Batirin Kaset ɗin Noriaki

Shekara arba'in da ɗaya ina aski a layin kasuwarmu ta Shiogama, ban taɓa yanke kunnen kowa ba, kuma wannan sunan da na yi shi ya jawo min tashin hankalin da zan ba ku labari. Ni ne Genzo. Bango ɗaya ya raba shagona da na Haruyo Kanomata, mai gyaran tsofaffin akwatunan wasan talabijin. Ba mu haɗa jini ba, amma ta girme ni da shekara shida, kuma tun ranar da na tare a layin take min faɗa, don haka Yaya nake ce mata.

Tana budurwa ta yi aiki a masana'antar rediyo, liƙin waya da dalma daga safe har yamma. A can ta haɗu da mijinta, suka buɗe shagon gyara. Da ya rasu sai ta bar rediyo ta koma kan wasannin nan. Har ni na ce mata shirmen yara ne, shekara biyu an manta da shi. Ashe ni ne mai shirmen. Yau manyan mutane masu tumbi da furfura ke shigo mata cikin kwat, kaset naɗe a hankici. Wasu ko wasan ba sa yi. Su kunna, su ji kiɗan nan mai kama da kukan gyare, su yi tsit. Yaran da can kan rubuta sunansu da tawada a bayan kaset don kada aboki ya ara ya riƙe. Sauran masu shago gogewa suke don kaya su yi tsada. Yaya ba ta gogewa, wanda ya ce ta goge kuwa ƙofa take nuna masa.

A cikin irin kaset ɗin nan akwai ɗan batir kamar kwabo. Shi ke riƙe da inda yaro ya tsaya a wasa, da sunayen da ya raɗa wa mutanensa. Ranar da ya mutu, ko aka cire shi, komai ya tafi. Gwanintar Yaya ita ce ta fasa murfin kaset, ta cusa allon lantarkin da ke ciki tsirara cikin akwati, ta kunna, wuta na gudana ta narkar da dalma ta sauya batir. Muddin wuta ba ta yanke ba, ajiya na nan. In allon ya gusa ko ƙarfen dalma ya taɓa inda bai kamata ba, shi ke nan. Ta yi wa dubban mutane.

Guda ɗaya ne ta kasa, na ɗanta Noriaki. Cutar jini ta ɗauke shi yana ɗan shekara goma sha ɗaya, yau shekara talatin da ɗaya ke nan. Ni nake masa aski, kuma ba a yi yaro mai tsokana kamarsa ba, sanƙona ya sha duka a hannunsa. Ranar da za a kwantar da shi asibiti ya ce, "Mama, kada kowa ya taɓa min wasana, zan dawo in ƙarasa."

Tun daga nan, kullum ƙarfe bakwai na safe takan ajiye masa shinkafa da turare gaban hotonsa, ta kunna kaset ɗin, ta ga sunansa a fuskar talabijin, ta kashe. Ba ta taɓa danna shiga ba. Ni kuma ta bango nake jin kiɗan, da shi nake fara wasa aska.

Wata Litinin, ranar hutun masu aski, bakwai ta yi ban ji komai ba. Bakwai da kwata shiru. Na fita da silifas ƙafa ɗaya. Na tarar da ita zaune gaban teburin aiki, kaset ɗin a buɗe, ma'aunin wuta a gefensa.

"Genzo, dubi allurar nan," ta ce.

"Yaya, na san allura ne? Na ɗauka mutuwa kika yi."

"Batirin ne ke mutuwa. Kwana nawa ya rage, ban sani ba. Tsoron kunnawa ma nake."

"To ki canza mana. Ba aikinki ba ne?"

Sai ta ɗago hannunta na dama. Rawa yake, yatsu na kaɗawa su kaɗai. Ashe wata uku ke nan tana mayar da masu kawo gyara, tana ce musu kayan aiki sun ƙare. Na ce akwai samari a birnin Sendai masu na'urar kwafe irin wannan cikin kwamfuta. Ta harare ni.

"Hotonsa ina da shi. Wannan da hannunsa ya ajiye. Kai za ka yi."

"Ni? Gashi na sani, Yaya."

"Kai da ke yawo da aska a maƙogwaron mutane kana zuba surutu? Zauna, sarkin tsoro."

Na zauna. Kwana shida tana koya min a kan matattun kaset, tana dukan bayan hannuna da fensir. Na lalata tara. Na goma da na sha ɗaya suka yi. Kowace safiya cikin kwanakin nan ba kiɗa.

Litinin ta zagayo. Da hantsi muka ja ƙofar shago. Ta cusa allon da kanta, ta kunna, sunan ya fito: Noriaki. Na dafe allon da hagu, ƙarfen dalma a dama. Ƙafa ɗaya ta batir ta saki. Ta biyu ta saki. Yaya ta ɗauke tsohon batirin da hantsaki. Yanzu ba abin da ke riƙe da yaron sai wayar da ke shiga bango.

A daidai nan wayoyinmu na hannu biyu suka ɗauki kururuwar gargaɗi. Girgizar ƙasa na tafe.

Mu tun muna goye aka koya mana abu ɗaya: ƙasa ta motsa, kashe wuta. Ba tunani ake ba, hannu ne ke tafiya da kansa. Na ga hannun Yaya ya miƙe zuwa makunnin bango, wanda ke ba ƙarfen dalma wuta, shi ne kuma ke ba akwatin. Hannuwana biyu a cike, baki kawai gare ni.

"Yaya, Nori na ciki!"

Yatsanta na kan makunnin ta sandare. Sai ƙasa ta ɗauka. Kantoci suka shiga ƙara, kaset na zubowa a kanmu, fitilar sama na lilo. Yaya ta rungume akwatin da ƙirjinta ta danne shi a tebur. Ni na kafa gwiwar hannu na riƙe allon. Ƙarfen ya zame ya kwanta a kan babban yatsana, na ji ƙaurin fatata, amma in na fizge hannu allon zai biyo. Fitila ta yi ƙifta sau ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan ƙiftawar ba, har a babbar girgizar da ta ci rabin garinmu. Wancan lokacin kaina na ji wa tsoro, yanzu kuwa ɗan mutane ne a hannuna.

Ƙasa ta lafa. Yaya ta ce, "Liƙa. Kada ka dubi talabijin, liƙa." Na liƙa ƙafa ɗaya, na liƙa ta biyu, gumi na ɗiga daga haɓata. Sannan muka ɗago kai.

Kiɗan ya canza. Kofin shayinta ne ya faɗo kan madannin wasa ya danna shiga. A fuskar talabijin ga ɗan mutum tsaye cikin wani ɗaki, mutum uku a bayansa, sunayensu a jere a ƙasa. Mace mai farar riga, Mama. Namiji mai garkuwa, Baba. Na ƙarshe wani koren dodo ne mai sanƙo, an rubuta Genzo.

"Ɗan banzan yaro," na ce.

Yaya ta daɗe tana kallo. Can ta ce a hankali, "Nori, ba ni na taɓa ba. Ƙasa ce."

Ta kashe akwatin. Muka ƙirga goma tare. Ta kunna, sunan ya fito.

Tana ɗaure min yatsa da tsumma mai sanyi ta ce sabon batirin zai yi shekara ashirin in an yi sa'a. Na ce madalla. Ta ce ita ba za ta kai ba, in daina yi kamar ban iya lissafi ba. Ta jawo makullin shagon ta sa min a aljihun riga.

"Ranar da ba ka ji kiɗa ba, ka shigo. Ka fara kunna nasa, ka ga sunan, kafin ka hau sama ɗakina ka duba ni."

Na ce ta daina irin wannan maganar, ta ce in tafi in sa magani. Yatsan ya warke, ya bar tabo. Amma tun daga ranar, bakwai saura kwata nake tsaye jikin bangon nan, aska a hannu, makulli a aljihu, kuma ba na iya fara wasa ta sai na ji.