Ƙuri'u Tara a Kealapuna

Kawu Melvin Nobriga shi ne babba a ɗakin su mahaifiyata. An haife shi a barikin ma'aikatan rake na Kealapuna, ya fara tuƙa motar ɗaukar rake yana ɗan shekara goma sha takwas, kuma kafin ya cika talatin ma'aikata suka zaɓe shi wakilinsu a ƙungiyar ƙwadago. Allah ya ba shi baki. In ya tsaya gaban manaja yana magana, sai ka rasa wa ya ɗauki wani aiki. Da kamfanin sukari ya rufe sai ya koma tuƙa bas ɗin makaranta, amma aikinsa na gaskiya, wanda ba a biyansa ko sisi, shi ne zaɓe.

Duk bayan shekara biyu, wata uku kafin ranar ƙuri'a, ƙarfe shida na safe za ka same shi a mararrabar shagon Hamasaki, riƙe da allon ɗan takara, yana ɗaga wa motoci hannu. Ya san wace tsohuwa ce ba ta da mota, wane gida ne ba sa fita sai an yi musu magana sau biyu. In za a yi taro shi ke dafa miyar nama da shinkafa ta mutum ɗari uku a garejinsa. Mutuminsa shi ne Warren Oshima, ɗan majalisar da ke wakiltarmu a Washington. Mazaɓar tamu faɗi gare ta, ta haɗa ƙananan tsibirai da ƙauyukan bayan Honolulu, don haka ba kullum Oshima ke zuwa ba. Amma duk ran da ya zo sai ya dafa kafaɗar Kawu ya ce, "Ga sarkin Kealapuna." Wannan kalma ita Kawu ke ci har shekara biyu.

Ƙaninsa, Kawu Gilbert, shekara shida ce tsakaninsu. Shi in'ina gare shi mai tsanani. Ya bar makaranta da wuri, ya samu aikin yankan ciyawa a filayen wasa na hukumar tsibiri, da yamma kuma ya ɗauki komarsa ya gangara gaɓar teku ta Pōhakuloa ya jefa. Tun suna yara Melvin ke magana a madadinsa, a aji, a asibiti, har wajen neman aure. Yana son ƙanin nan ƙwarai, irin son da mutum ke yi wa wanda ya tabbata ba zai taɓa shiga gabansa ba.

Bayan an sayar da gonakin rake, wata Asabar Gilbert ya je kamun kifi ya tarar an kafa ƙofar ƙarfe a kan hanyar gaɓa, da kwaɗo kamar kan jariri. Hanyar da kakanninmu suka bi. Bai zame ko'ina ba sai garejin yayansa.

"Ya-ya-yaya, sun ru-rufe."

"Na ji," in ji Melvin. "Bar ni da su. Waya ɗaya zan yi wa Oshima."

Ya yi wayar. Bayan sati shida takarda ta zo daga ofishin ɗan majalisa, cike da ladabi, tana cewa wannan magana ta hukumar tsibiri ce. Melvin ya ninke ta ya ce wa ƙaninsa ya yi haƙuri, akwai wasu gaɓoɓin.

Gilbert bai haƙura ba. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta, Malama Ancheta, wadda ta gaya masa cewa in mutane isassu suka sa hannu, dole a buga tambaya a bayan takardar ƙuri'a, jama'a su ce e ko a'a. Ita ta rubuta: duk tsohuwar hanyar rake da ke kaiwa bakin teku ta zama ta jama'a. Shi kuma ya ɗauki teburin ninkewa ya kafa a ƙofar shagon Hamasaki. Ba ya cewa komai. Hoton ƙofar da kwaɗonta kawai ya ajiye, da biro. Da farko Melvin dariya ya riƙa yi.

"Mutumin da ba ya iya faɗin sunansa a waya, shi zai tara hannu dubu biyar? To, Allah ya ba da sa'a."

Wata huɗu Gilbert yana zagaya tsibiri da teburinsa a bayan mota. Hannu dubu bakwai ya tara. Aka sa wa abin suna Tambaya ta Uku, jarida ta buga hotonsa a shafin farko, yana riƙe da koma, yana kallon ƙasa.

Ni a lokacin ina aiki a ofishin gidan waya, kuma da idona na ga ranar da abin ya fara cin Kawu Melvin. Yana kan layi, sai wata budurwa, sabuwar ma'aikaciyar jinya, ta ga sunan da ke kan ambulan ɗinsa.

"Nobriga? Kai, Baba, ko kai ɗan'uwan Gilbert ne?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Shi ne ɗan'uwana," ya ce. Yarinyar ba ta gane bambancin ba, ta ci gaba da yabon Gilbert har layi ya iso kanta.

Daga nan ya canza. In aka ambaci Tambaya ta Uku a gabansa sai ya shiga gyaran wani abu. Ya fara cewa Malama Ancheta ce ta yi komai, Gilbert teburi kawai ya ɗauka. Matarsa, Anti Florence, ba ta iya ɓoye abin da ke bakinta.

"Melvin, ƙaninka ne fa. Ka yi murna mana."

"Wa ya ce ba na murna?"

"Fuskarka. Kamar wanda ya sha ruwan teku."

Sati uku kafin zaɓe Oshima ya zo taro a filin makaranta. A wannan shekarar takarar ta yi zafi, don wata lauya mai suna Renee Kaleikini ta taso masa da ƙarfi, kuma kowace ƙuri'a yana nemanta. Kawu ya yi yini biyu a kan tukwane. Ya sa sabuwar riga mai furanni, ya tsaya kusa da inda motar za ta tsaya. Oshima ya fito, ya miƙa masa hannu yana duban bayansa.

"Melvin, sannu da aiki. Ina ƙanin nan naka? Nuna mini shi."

Kawu da kansa ya kai shi. Oshima ya cire sarƙar furannin da aka rataya masa ya sa wa Gilbert, ya ja shi kan dandamali, ya ce shi ma e zai ce wa Tambaya ta Uku. Mutane suka tashi tsaye suna tafi. Gilbert ya rasa inda zai sa hannuwansa. Kawu Melvin kuwa ya koma bayan tukunya yana zuba wa mutane miya, kuma duk wanda ya miƙo faranti sai ya ce masa, "Kai, gidanku ya yi abin kirki." Ranar babu wanda ya ambaci sarkin Kealapuna.

Litinin da safe ya fito mararraba da allo biyu. Na hannun dama na Oshima ne. Na hagu shi ya rubuta da fenti: A'A GA TAMBAYA TA UKU. A ɗaya gefen titin kuwa ga Gilbert da mutanensa kusan ashirin da allunan E. Motoci suna wucewa tsakanin 'yan'uwa biyu suna danna ham, ba ka san wa suke yi wa ba.

Mahaifiyata ta aike ni in yi masa magana, don ita ta ce in ta je za ta fasa masa allon a ka. Na same shi a gareji.

"Kawu, kai ma fa a gaɓar nan ka koyi iyo."

"Shi ya sa. Ke kin san abin da zai faru? Yau a buɗe, gobe a buga ta a littafin 'yan yawon buɗe ido. Motocin haya, gwangwanaye, kifi ya gudu. Ai gara a bar kwaɗon nan, masu wayo sun san inda wayar shinge ta yage."

"To me ya sa ba ka faɗi haka ba tun ana sa hannu?"

Ya ɗauki tsumma ya shiga goge tukunyar da ta riga ta bushe. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shekara talatin da ɗaya ina tsayuwa a mararrabar nan. Ruwa, rana. Ko sau ɗaya jarida ba ta tambayi yadda ake rubuta sunana ba."

Na bar shi da tukunyarsa. Na dawo na gaya wa mahaifiyata ta ƙyale shi.

Ranar zaɓe ya yi aikinsa kamar kullum. Sawu goma sha ɗaya ya yi da motarsa yana kai tsofaffi ɗakin cin abinci na makaranta, inda rumfarmu take. Wata tsohuwa, Iya Tomasa, tana sauka ta riƙe hannunsa.

"Ɗana, lamba nawa ne na Gilbert ɗin? Kar in ɓata."

"Uku," ya ce. Ya kuma nuna mata inda za ta cika. Ƙarya dai ba ya yi wa tsofaffinsa.

Washegari da safe duk aka taru a shagon Hamasaki, don jarida kan buga sakamako rumfa rumfa. Oshima ya ci mazaɓar, amma da ƙyar. Kaleikini ta kwashe garuruwan otal-otal da sababbin unguwanni, shi kuma tsofaffin barikokin rake suka cece shi. Tambaya ta ɗaya, ta ƙarin wa'adin 'yan majalisar tsibiri, ta faɗi warwas. Ta biyu, ta gyaran bututun ruwa, ta wuce babu wanda ya kula. Tambaya ta Uku kuwa, cikin kowane mutum goma bakwai sun ce e. A rumfar Kealapuna, e ɗari huɗu da goma sha biyu, a'a tara.

Hamasaki mai shago ya karanta da ƙarfi, ya leƙo ta saman tabarau. "Tara, Melvin. Kai ɗaya. Florence biyu..."

"Kar ka sa ni ciki," in ji Anti Florence daga wajen burodi.

Shago ya ɗauki dariya. Kawu bai yi ba. Ya karɓi jaridar, yatsansa ya tsaya a wani layi da ba wanda ya duba. Yawan waɗanda suka fito. A duk shekarunsa na jigilar tsofaffi da ƙwanƙwasa ƙofofi, rumfarmu ba ta taɓa wuce mutum ɗari uku ba. Wannan karon ɗari huɗu da talatin. Samari masu hawan igiyar ruwa, da masunta waɗanda ba su taɓa rajista ba, duk sun fito saboda hanyar gaɓa, kuma da suka shiga sai suka dangwala wa Oshima. Ya ajiye jaridar, ya bar kofinsa a cike, ya fita.

Da za a cire ƙofar, hukuma ta shirya ɗan biki, aka ce Gilbert ya yi jawabi. Ya kwana biyu ba ya cin abinci, sannan ya je wajen yayansa.

"Ka-ka-kai za ka yi. Ni ba-ba zan iya ba."

"Ai kai ne na jarida," in ji Melvin. "Yi abinka."

Sai Gilbert ya yi. Jimla huɗu ce, ta ɗauke shi kusan minti biyar, gumi har ƙasan rigarsa. Ya ce mahaifinsu ne ya fara kawo su nan, ya ce yayansa ne ya koya masa jefa koma. Mata suna share hawaye. Kawu Melvin yana can baya jikin motarsa, hannu a harɗe. Da na matsa kusa sai ya ce mini, "Ya ci a ce ya gode wa hukuma tukuna. Haka ake yi."

Wani ɓangare na maganar da Kawu ya yi a gareji ya tabbata. Cikin shekara uku motocin haya suka gano hanyar, gwangwanaye suka yawaita. Kawu ya shiga zuwa duk Asabar da buhu yana tsince shara, in ya gama ya biya ta gidan Gilbert ya ajiye buhun a bakin ƙofa, ya danna ham sau biyu. Gilbert kan fito ya ɗauka, ya miƙa masa kifi a leda. Shi kuma ya karɓa, ya ɗaga ya duba, ya ce ƙanana ne.

Oshima ya yi ritaya bayan zango biyu. Kawu bai sake ɗaukar allon kowa ba, ya ce gwiwa ce ke damunsa. Yanzu shekararsa tamanin da ɗaya, ƙuri'a ma ta gidan waya ake aiko mana, yana cika tasa a teburin kicin da gilashin ƙara girman rubutu, yana zagin duk wanda ya tsara tambayoyin.

Bara hukumar tsibiri ta kafa koren allo a bakin hanyar gaɓa, an rubuta Hanyar G. Nobriga. Gilbert ya ji kunya har ya daina bi ta nan da rana. Bayan sati ɗaya Kawu Melvin ya kira ni, ya ce in zo da kwamfutata zan buga masa takarda zuwa ga hukuma. Ya zauna ya gyara murya ya faɗa ina bugawa. Ya yaba musu, ya ce allon ya yi kyau, sai dai a ganinsa ya yi tsawo, kuma iskar wurin tana da ƙarfi. In za su cire harafin nan guda na G, zai fi daɗewa.

"Kawu, da gaske in aika?"

"Sa hannu kawai ya rage," ya ce. "Miƙo biro."