Ranar da Samira Ta Ƙi Lasar Miyar Bala

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata ranar Alhamis a kicin ɗinmu na unguwar Madain Fahd da ke Jidda ba. Ku 'yan baya, ku saurara.

Mu masu girkin biki ne. Hajiya Rabi ce mai wurin, ni kuma uwar tukwane, wato ba tukunyar da ke sauka sai na amince. Muna da ƙa'ida: mai girki ba ya yanke wa kansa hukuncin gishiri. Sai ya ɗebo da ludayi, ya ɗiga a tafin hannun na kusa da shi, a lasa, a ce ya ji ko bai ji ba.

A cikinmu akwai Bala, ɗan daudu, tsarana ne. Umara ce ta kawo shi bai koma ba, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kicin nan ne ɗakinsa, shi ne rufin asirinsa. A zamaninmu, ko a gida ko a nan Jidda, biki ba ya armashi sai da irinsu. Su ne waina, su ne habaici. Ana yi musu tsiya, malamai na faɗa, amma ana zama da su, ana cin na hannunsu. Daga baya zamani ya juya, wa'azi ya yi zafi, kowa ya fara janye jikinsa.

Ranar nan Samira ce a gefen Bala, yarinya haihuwar nan, sabuwar ɗauka. Ya ɗebo miyar taushe ya ce ta kawo hannu. Ta dunƙule hannun ta cusa cikin abaya, ta ce ita ba ta lasar abin da irinsa ya taɓa, halas, wato magana ta ƙare. Bala da ba a kayar da shi a magana, sai ya mayar da miyar cikin tukunya.

Ba ta tsaya nan ba, ta je ta gaya wa Hajiya cewa masu biki za su guje mu saboda shi. Hajiya ta tsorata, ta kira ni gefe ta tambaye ni ko ta sallame shi. Ni kuwa na san sallama titi ce, titi kuma kamu ne, sai jirgi zuwa garin da ba wanda ya rage masa.

Na ce, "Hajiya, ni ban yi karatu ba. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ban leƙa ba, ba a kuma aike ni ba. Amma da maigidana ya rasu a unguwar Bagdadiyya, bawan Allahn nan ne ya ciyar da ni da marayuna har na fita takaba."

Na koma kicin, na buɗe wa Bala tafin hannuna a gaban kowa. Ya ɗiga, na lasa. Wallahi gishiri bai ji ba, na kuma faɗa masa.

Ya dafa ƙugu ya ce, "Harshenki ne ya tsufa, Talatu, ba miyata ba."

Kicin ya ɗauki dariya, har Hajiya da ke bakin ƙofa. Ya ƙara gishirin yana gunguni. Ba a sake tayar da zancen sallama ba.

Samira ban tilasta mata ba, na dawo da ita kan shinkafa kusa da ni. Ita ma 'yar zamaninta ce, abin da ta taso ta ji shi ta faɗa.

Abin da na koya ke nan, 'ya'yana. Ra'ayin mutane yana zuwa yana wucewa, na ga ya juya a kan idona. Amma wanda kuka sha hayaƙi ɗaya da shi, kada ka bari a jefa shi titi kana da bakin magana.