Ranar da na zuba yajin Baba a shafina

Shekarun baya, tun Umdurman na zaune lafiya, na buɗe shafi a intanet ina rubuta labarin unguwarmu. Wata takwas ina fama, masu karantawa ba su wuce ni da abokina da ƙanwata ba, ita ma sai na saya mata kati take leƙawa. Duk da haka in na shiga rakasha, wato adaidaita sahu, sai in riƙa zama kamar wani babban marubuci.

Mahaifina mai agashe ne a bakin kasuwa, wato tsiren nan namu da Larabawan Sudan suka karɓa hannu bibbiyu. Abin da ke kawo masa mutane tun daga unguwar Alsahafa mai nisa shi ne yajinsa. Kakana ne ya taho da haɗin daga Najeriya a hanyarsa ta hajji, bai ƙarasa ba ya zauna nan. Duk Juma'a da safe Baba zai sa a rufe ƙofar gida, ya auna da tafin hannunsa, mahaifiyata ta daka. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai yake kira in tsaya kusa in gani, alhali ni ne ban taɓa riƙe tsinken nama ba.

Wata rana muna shan shayi sai abokina ya ce, "Ya zol, wa zai karanta labarin kwatar unguwarku? Mutane sirri suke so. Ba ka da wani sirri?"

Ina da shi kuwa. A ranar na zauna na rubuta haɗin kaf, da Larabci don ya yi nisa: ƙuli-ƙuli kaza, citta kaza, kanumfari, masoro, kimba, har da yadda ake ɗan gasa wani kafin a daka. Na sa masa suna "Sirrin agashen Hausawa". Kafin kwana biyu wayata ta hana ni sakat. Ana ta yaɗawa, ana sa mini albarka. Wallahi na ji daɗi, har kallon kaina na yi a madubi.

Ban san rubutun ya kai kasuwa ba sai da wani mai agashe da ke kusa da Baba ya karanta masa a gaban masu saye, yana dariya yana cewa, "Ya Hajj, ɗanka ya hutar da mu."

Baba ya dawo gida. Na so ya yi faɗa, bai yi ba. Da Juma'a ta zo na tashi zan rufe ƙofa kamar kullum, sai ya ce, "Bar ta, ya walad. Me ya rage da za a rufe?" Haka aka daka yajin ƙofa a buɗe, maƙwabta na wucewa, ni kuma ba a kira ni ba.

Mahaifiyata ce ta same ni a ɗaki daga baya. Ta ce, "Kai kana zaton ciniki yake ji? Masu sayensa ba za su gudu ba. Ubansa bai bar masa gona ba, bai bar masa gida ba, wannan kaɗai ya bar masa. Shi kuma ya ga ka yi nisa da boko, ya ce bari ya ba ka abin da zai riƙe ka." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na goge rubutun, duk da na san an riga an kwafe. Masu bibiyata suka watse kamar an tashi kasuwa. Na je na durƙusa na ba Baba haƙuri, ya ce, "Malesh, ya wuce," amma ƙofa ta ci gaba da zama a buɗe.

Daga nan na fara zuwa rumfarsa bayan la'asar, ina fifita masa gawayi, hayaƙi na sa ni hawaye. A hankali ya fara ba ni labari: yadda suka ci wahalar tsinkar auduga a gonakin Jazira yana yaro, da yadda kakana ya rasu yana cewa baɗi zai ƙarasa Makka. Kowanne sai na tambaya, "Baba, in rubuta?" Wani ya ce rubuta, wani ya ce a'a, in bar shi. Waɗannan labaran ne suka tara mini ku masu karanta shafina yanzu, sannu a hankali, kuma ku ba ku watse ba. A nan na koyi cewa kafin in ɗauki abin wani in kai wa jama'a, sai na tambayi mai shi, ko da ubana ne.

Sai da aka kusa shekara. Wata Juma'a ina zaune a tsakar gida ina latsa waya, mahaifiyata ta jawo turmi, Baba ya fito da ƙullin kayan yajinsa. Ya dube ni ya ce, "Kai, ajiye wayar nan a ɗaki. Tashi ka rufe mana ƙofa."

Yau Baba ba ya duniya, haɗin kuma yana nan a wayoyin mutanen da ban sani ba. Amma duk Juma'ar da za a daka yaji a gidana, ni nake tashi da kaina in rufe ƙofa.